Sunan da Kika Kira Cikin Zazzaɓi

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya kai ki Babura lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da shugabanni masu haƙuri a asibitin da aka tura ki, ya kuma sa hannunki ya zama na sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Na cusa wannan takarda cikin jakar daddawa da kuka, don na san nan za ki fara buɗewa. Labarin gida ba ni da abin ƙara miki, da idonki kika bar shi.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. A garin da za ki akwai Talatu, tsohuwar maƙwabciyarmu, da 'yarta Ladi. Kin san sunayen, kin kuma san gefen labarin, irin sanin da yara kan tsinta daga shirun manya. Ladi sa'arki ce, tare kuka yi wasan ƙasa a ƙofar gidanmu. Ga ki kin gama karatu an ba ki farin kaya, manema har sai mun ce su dakata. Ita kuwa duk wanda ya fito neman aurenta, da zarar danginsa sun zo ƙauyenmu binciken asali, sai a ji shiru. Bana wani ya sake fitowa daga wajen Gwiwa, kuma a wannan karon har tsakar gidana masu binciken suka shigo. Kafin in faɗa miki yadda muka yi da su, sai na koma baya, don ki san abin da suka zo tambaya da wadda ta haife shi.

Mu da muka tashi a gaban tsofaffi muna jin tatsuniya, an saba mana da cewa mugu yakan sha dukansa kafin a tashi. Wanda ya yi ƙarya shi ke faɗawa rami, a yi dariya, a watse. Na daɗe ina zaton haka zunubi yake. Sai da furfura ta kama ni na ga sau da yawa mai laifin yana zaune a inuwa da ƙoshin lafiyarsa, kamar ni ɗin nan, wanda ke cikin ramin kuwa wani ne daban.

Talatu ba 'yar ƙauyenmu ba ce, aure ya kawo ta daga wajen Babura, mijin kuma bai daɗe ba ya rasu ya bar ta da Ladi a goye. Zana ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Ƙosai take soyawa a bakin hanyar Roni, kuma idonta ja ne, kamar na duk macen da ta daɗe a kan hayaƙin kasko. A zumuntar matan majami'a ita ke buga tulu, ni ina bayar da waƙa. In gishirina ya ƙare, ta kan zana nake miƙa hannu.

Kina 'yar shekara shida ko bakwai, da damina, gero ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kama ki. Muka yi ta jiƙe-jiƙe, abin yana gaba. Ranar da ya hau miki kai, da hantsi kika fara fisge-fisge, idonki ya juye. Fasto ya zo ya durƙusa ya yi addu'a, da ya tashi ya ce mini, "Maman Rahila, addu'a mun yi. Yanzu sai a nemi mashin a kai ta Kazaure." Ruwa ya yanke hanya, masu mashin duk suna tsallaken rafi, sai Fasto da babanki suka fita da ƙafa neman wanda zai yarda ya ratso.

Aka bar ni da kakarki Iya. Kin tuna ta, Allah ya jiƙanta, da tsufanta ta karɓi bangaskiya, kuma ina kyautata zaton da layarta a ƙugu ta shiga ruwan baftisma. Ta duba ki ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Kamun mutum ne. Ki saurara, za ta faɗi suna."

Ku 'yan yanzu kun ji ana cewa maita, amma ba ku ga yadda ake yi ba. A wurin mutanenmu na dā, in maye ya kama kurwar mutum, marar lafiyar zai kira sunansa. Sai a je a kawo wanda aka kira, a sa shi ya tsallaka marar lafiyar a gaban jama'a, wai ta haka zai sake shi. Kuma wai a nono ake shan abin, don haka in aka ce uwa tana da shi, an gama da 'ya'yanta har jikoki.

Na saurara kuwa. Can kika buɗe baki kika ce, "Maman Ladi. Maman Ladi."

Rahila, na san abin da ya sa kika kira ta. Kullum da safe ita ke tara miki ɓarɓashin ƙosai a ganye, kin fi zama a gindin kaskonta fiye da ɗakina. Yaro cikin wahala wanda yake so yake kira. Na san wannan a lokacin kamar yadda na san shi yanzu. Duk da haka na sunkuya na sa bakina a kunnenki na ce, "Ita ce ta riƙe ki?" Kika ce i. Da na tambaye ki ko akuyar gidan ce ta riƙe ki, da haka za ki amsa.

Ki lura da wannan wurin, don nan ne laifina na farko. Ba ni da wata ƙullalliya da Talatu, ko cacar baki ba mu taɓa yi ba. Tsoro ne. Ina kallon 'yata tana tafiya, hannuna babu abin yi, sai zuciyata ta nemi wanda za ta kama. Ni ce fa nake koya wa yara a makarantar Lahadi cewa Allah ya hana shaidar zur, kuma ban taɓa jin inda ya ɗage hanin ga wadda ɗanta ba shi da lafiya ba. Fasto ya nuna hanya, an tafi neman mashin, abin da ya rage mini in zauna in riƙe hannunki in jira Allah. Jiran ne na kasa. Ranar da tsoro ya ce miki yau dai dokar Allah ta yi tsauri, a ɗan ajiye ta zuwa gobe, ki san ranar ce aka yi dokar dominta.

Na fita ƙofar gida na ɗaga murya. Kafin ki ce me, tsakar gidan ta cika, da namu na majami'a, da Musulmin unguwar gabas, da waɗanda ba su nan ba su can. Talatu ta shigo da gudu, ƙullu a hannunta, ta zaci kin cika.

Ta ce, "Saratu, jikin ne?"

Na ce, "Ki sakar mini 'yata."

Ta duba ni, ta duba mutane. "In sake ta? A ina na riƙe ta?"

Iya ta ce, "Ke dai tsallaka ta. In cikinki babu komai, me zai dame ki?"

Kin ga yadda abin yake. In ta ƙi, a ce ta ƙi sakin yarinya. In ta tsallaka, a ce ta amsa. Ta waiga tana neman Fasto, babu shi. Aka ce ta cire ɗankwali, ta cire. Ladi na riƙe da gefen zaninta, sai da wata ta ɓanɓare hannun yarinyar. Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka ki a hankali, tana kiyaye kada zaninta ya taɓa miki fuska. Da ta sauka ta ce, "Allah ya ba ta lafiya." Ta ɗauki ɗankwalinta da 'yarta ta fita. Ba ta dube ni ba.

Da la'asar mashin ya iso. A Kazaure aka yi miki allurai da ƙarin ruwa, ma'aikaciyar ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau ƙwaƙwalwa, ta kuma yi mana faɗan jinkiri. Kika warke. Amma kafin mu dawo gida ƙauye ya riga ya gama lissafinsa: an tsallaka yarinya, yarinya ta tashi. Allurar babu wanda ya gan ta, tsallaken kuwa kowa ya gani.

Washegarin dawowarmu a bakin rijiya wata ta ce mini, "Maman Rahila, da ba ki yi ƙarfin hali kin tona ba, da yanzu zaman makoki muke." Mata sun ajiye guga suna jiran abin da zan ce. Na ce, "Mun gode Allah." Ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba, kuma da sunan Allah na yi ta.

Babanki ya sha ce mini, "Ke, ki je ki gyara abin da kika ɓata." Ni kuma in ce a bari hankula su kwanta tukuna. Dattawan ikkilisiya suka kira ni, suka sa ni ƙarƙashin horo saboda komawa al'adun dā. Aka mayar da ni bencin baya, aka hana ni cin jibin Ubangiji tare da 'yan'uwa na wasu watanni. Na yi kuka, na yi azumi, na roƙi gafara a ɗakina. Bencin baya dai, in gaskiya za a faɗa, kusa da ƙofa yake, iska na shiga. Da wa'adin ya cika aka karɓe ni, mata suka rungume ni, na koma bayar da waƙa. A raina an gama. Abin da ban yi ba shi ne in tsaya da bakina in ce Talatu ba ta da komai, ni na sa wa yarinya magana a baki. Mutane kuwa suka fassara horon yadda ya yi musu daɗi: an hore ta don ta tona asiri, ba don ta yi ƙarya ba.

Ƙosan Talatu ya fara kwana a kwano. Ranar Lahadi in ta zauna, sai benci ya yi mata faɗi. Aka ba wata tulun. Uwaye suka janye 'ya'yansu daga wasa da Ladi, ni ma na janye ki, don kada a ce na yi amai na lashe. Wadda ta ci gaba da shiga gidan ta zauna ta sha ruwa a moɗarta ita ce Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan dutse, wadda ba ta taɓa taka majami'a ba. Na taɓa jinta ta cikin zana tana cewa, "Talatu, in cin mutane kike yi, me ya hana ki yin ƙiba?" Suka yi dariya. Ni ina tsaye da muciya a hannu ina jin su.

Da wani jariri ya rasu a gidan kudu, aka yi ta jifan rufin Talatu da duwatsu. Bayan an cire amfanin gona ta ɗaure kayanta, aka ɗora a bayan motar hatsi, ta koma gidan wanta a Babura. Ta ramin zana na kalli tafiyarsu. Ƙafata lafiya lau take a lokacin, ba kamar yanzu ba, kuma daga inda nake zuwa motar bai kai nisan rijiya ba.

Ga laifi na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Na farko cikin ruɗewa na yi shi, na biyu kuwa da hankalina kwance, kullum da safe ina sabunta shi. Tuban da ya tsaya a ɗaki bai taka zuwa ƙofar wanda aka cuta ba, rabin tuba ne. Na so Allah ya yafe mini a ɓoye abin da na yi a bainar jama'a, don ya fi sauƙi. Idan kika yi wa mutum laifi, Auta, ki je a ranar, a gaban waɗanda suka ga laifin. Kunyar ranar ƙarama ce, ba ta kai ta gobe ba.

Kada ki zaci ni na tsira ƙalau. An koya mana cewa zunubi yana raba mutum da Allah, ni dai na ɗauka sai an mutu ake ganin rabuwar. Ashe tun a nan take farawa. Shekaru ina durƙusawa, addu'ar ta tsaya mini a rufin ɗaki. Ina bayar da waƙa mata na amsawa, cikina kamar tulun da aka zubar da ruwansa. Ban ƙara yin aminiya ba, don na san abin da aminiya za ta iya yi. Babanki bai sake ni ba, bai zage ni ba, amma har ya koma ga Ubangiji bai ƙara tambayata ra'ayina a kan wani mutum ba. In ana zancen halin wani na sa baki, sai ya dubi ƙasa.

Maganar kuwa ba ta tsaya nan ƙasar Roni ba. Masu kai hatsi da dabbobi kasuwar Babura sun kai ta, ba da mugunta ba, hira ce kawai ta gindin mota. Na ji har wani daga tsallaken iyaka, inda ake ciniki da sefa, ya taɓa neman Ladi, shi ma labarin ya same shi ya juya.

To, mu dawo kan baƙin Gwiwa. Da farkon damina suka zo, da hantsi, dattawa biyu da gwaggon yaron. Na shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa, aka tambayi ruwa da shuka, aka zagaya har aka gaji. Sannan babban cikinsu ya ce, "Inna, an ce a gidan nan abin ya faru."

Na ce a nan ne, ga ma wurin da aka shimfiɗa yarinyar. Na ba su labarin kamar yadda na ba ki, ban rage ba. Na ce musu yarinyar da aka tsallaka ga ta can tana gama karatun jinya, ita da kanta za ta faɗa musu sunan ciwon.

Dattijon ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce, "Inna, mun ji, kuma mun yarda da ke. Mutum ba ya yi wa kansa irin wannan shaida a banza. Sai dai kafin mu iso nan mun tsaya a gidaje da dama. Har waɗanda ba a haifa ba a lokacin sun ba mu labarin, da yadda idonta yake, da yadda ta tsallaka. In muka kai yarinyar nan gidanmu, ranar da wani yaro ya yi zazzaɓi, za ki zo ki tsaya ki yi wa kowa wannan bayanin?"

Na ce, "Zan zo."

Gwaggon ta dubi sandata ta ce, "Da wannan ƙafar taki, Yaya?"

Suka yi godiya, suka ce za su je su shawarta.

Lahadin da ta biyo na roƙi Fasto na yanzu ya ba ni wuri, na tsaya gaban ikkilisiya na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun kina ƙarama. Kina makaranta, na san an ba ki labari ta waya. Abin da ba a gaya miki ba shi ne abin da na ji a bakin ƙofa bayan an tashi. Wata amarya da aka kawo bara tana tambayar 'yar'uwarta, "Wace ce Talatun? Ashe akwai masu abin nan a garin?" Na je wanke suna, sai ga shi na koya wa sababbin kunnuwa shi.

Daga nan na hau mota zuwa Babura. Na sami Talatu a zaure tana tsince wake, ta rame, idon ya fara yin hazo. Da muryata ta gane ni. Ladi ta kawo mini ruwa, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Mama, ya hanya? Ya Rahila?" Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Talatu ba ta daina tsintar wakenta ba. Ta ce, "Na yafe miki tun kafin mu sauke kaya a garin nan. Ba don ke ba, don ina so in iya yin addu'a ne." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kin makara, Saratu. Da a shekarar kika faɗa, da sun ce gaskiya ce. Yanzu cewa za su yi tsufa ya sa ki tsoron kabari."

Na tambaye ta ko an ji daga Gwiwa. Ta ce sun aiko, wai a dakata sai bayan kaka.

Na gaskata Ubangiji ya gafarta mini, don jininsa bai gaza ba, kuma ba da ƙarya ya yi alkawari ba. Tun da na dawo daga Babura addu'ata ta fara wuce rufin ɗaki. Amma gafara ba ta mayar da Talatu gidanta ba, ba ta mayar wa Ladi shekarunta ba. Wannan ne ba a cika faɗa mana da ƙarfi a wa'azi ba, ko kuwa an faɗa ina gyangyaɗi. Allah yana ɗauke hukuncin daga kan mai tuba, abin da zunubin ya haifa kuwa yana nan yana yawo da ƙafarsa, yana shiga gidajen da ba su san hawa ba.

Ke ba ki da laifi ko kaɗan, kada ki ɗauki kayan da ba naki ba. Yarinya ce ta kira wadda take so. Amma aikin da za ki yi zai tsayar da ke a bakin gadon yara masu zazzaɓi, za su kira sunaye, kuma za ki ga wata kaka ta karkato kunne, wata uwa ido ya rufe mata. Kada ki jira. Ki faɗi sunan ciwon da ƙarfi, kowa ya ji, kafin wani ya faɗi sunan mutum. In kin ga uwar ta sunkuya za ta yi tambaya, ki ba ta wani aiki, ta riƙe ƙarin ruwan ko ta jiƙa tsumma. Abin da kunnenki ya ji daga bakin marar lafiya kuwa, ya mutu a nan.

Idan kin huta, ki nemi gidan su Talatu, yana bayan kasuwar dabbobi, kowa ya san shi, kin kuma san dalili. Ki je da rana, ta ƙofar gaba, da farin kayanki. Kada ki je da fuskar tausayi, kada ki ɗauko zancen aure. In Ladi ta karɓe ki, ki gode wa Allah. In ta ƙi, tana da gaskiya, ki gaishe ta ki koma wani makon.

Ki riƙa sa ta cikin addu'a da sunanta. Kaka ta wuce, an ɗaure gero an kai rumbu, har an fara sussuka. Daga Gwiwa babu wanda ya zo.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki a baƙon gari, ya tsare ki daga ciwo da mugun abokin hanya, ya tsare bakinki fiye da yadda na tsare nawa. Ya ba ki tsoronsa tun da ƙuruciya, lokacin da gyara ke da amfani. Yayyenki da matansu suna gaishe ki. Alherin Almasihu ya zauna tare da ke, amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu